BABI NA UKU: BINCIKEN GANI-DA-IDO A KAN DUTSE MAI AMAN WUTA, MISALIN DUTSEN PINATUBO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda narkakken dutse ke taruwa a ƙarƙashin ƙasa, da dalilan da ke sa shi neman hanyar fita. A wannan babi kuwa za a dubi yadda masana ke tattara bayanai a kan dutsen da ake zaton zai yi aman wuta, musamman aikin da suke yi da ƙafa, wato binciken gani-da-ido a kwaruruka da gaɓar kogunan da ke kewaye da dutsen. An zaɓi dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya zama babban misali, domin kuwa a kansa ne aka gwada wannan hanya cikin ƙurarren lokaci, alhali mutane kusan miliyan guda na zaune a kewayensa. Sakamakon aikin yana nan dalla-dalla a cikin littafin da Newhall da Punongbayan suka tace a shekarar 1996.

Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, na'ura tana iya nuna cewa dutse ya farka, har ma ta ba da haske a kan lokacin da zai yi amai, amma ba ta faɗin girman abin da zai amayar, ko kwarin da zai bi, ko garin da zai taras. Amsar waɗannan tambayoyi tana kwance ne a cikin tarkacen da dutsen ya bari a aman da ya yi a baya, kuma sai an taka an je ake karanta ta.

3.1 Karanta Tarkacen da Dutse Ya Bari

Duk mahaƙin rijiya ya san ƙasa hawa-hawa take. Daga baƙar ƙasa ta sama yakan faɗa wa jar ƙasa, daga nan marmara, sa'an nan yumɓu ko yashi, kuma ba ya shakkar cewa shimfiɗar da ke ƙasa ta riga ta sama kwanciya. A kan wannan ƙa'ida mai sauƙi aka gina kusan dukkan binciken tarihin dutse mai aman wuta. Masanin duwatsu bai cika haƙa da kansa ba. Yakan nemi inda aka riga aka yi masa aikin, kamar gaɓar kogi da ruwa ya zaizaye, ko gefen tudun da masu gina hanya suka yanke, ko ramin masu ɗibar yashi. A nan zai kankare fuskar gaɓar, ya auna kaurin kowace shimfiɗa, ya zana ta a littafi, ya ɗebi samfur a 'yar jaka ya sa mata lamba. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: guduma da shebur da tef ɗin awo da kamfas da madubin ƙara girma da rariya da taswira, sai hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama. Abin da ke cin lokaci shi ne maimaitawa, don sai an yi irin wannan awo a wurare masu yawa kafin a iya cewa shimfiɗar da aka gani a wannan kwari ita ce dai aka gani a wancan.

Muhimmin abu na farko shi ne gane yadda kowace shimfiɗa ta iso wurin. Tokar da ta tashi sama ta zubo, wato ruwan toka, takan lulluɓe tudu da kwari da kauri kusan ɗaya, kamar an shimfiɗa bargo. Haka kuma iska takan tantance ta kamar yadda ake sheƙar hatsi: tsaba ta zube a gindin mai sheƙa, ƙaiƙayi ya yi nisa. Saboda haka manyan ɓaraguzai sukan faɗi kusa da bakin dutsen, lallausar toka ta tafi nesa. Idan aka auna kaurin shimfiɗa ɗaya a wurare da dama aka haɗa wuraren da kaurinsu ya zo daidai da layi a kan taswira, za a ga inda tokar ta fito, da inda iska ta kaɗa a ranar, har a ƙiyasta yawan abin da aka amayar, ko da kuwa shekara dubu uku ke nan da aukuwar abin.

Nau'i na biyu shi ne mafi haɗari, wato malalar toka mai zafi. Wannan cakuɗe ne na toka da iska mai ƙuna da dutsen kumfa (wani dutse ne mai huji-huji, marar nauyi, har yakan yi iyo a kan ruwa) wanda ke gangarowa a kan ƙasa da gudun da ya fi kilomita 100 a awa guda, zafinsa kuwa ɗaruruwan digiri. Ba a tsere masa da ƙafa, da wuya ma a tsere masa da mota. Tarkacensa ba ya lulluɓe tudu, kwari yake cikawa ya shafe shi ya zama fili, kuma babu tantancewa a cikinsa, ƙaton dutse na kwance a tsakiyar lallausar toka. Sau da yawa akan taras da kututturen itace a ciki ya zama gawayi. Nau'i na uku kuwa ambaliyar laka ce, wadda masana suka aro mata sunan lahar daga harshen mutanen Jawa na ƙasar Indonusiya. Ruwan sama ko narkakkiyar ƙanƙara ne ke kwaso toka da duwatsu su zama kamar kwaɓaɓɓen siminti. A ido tarkacenta ya yi kama da na malalar toka, kuma a nan ne ƙwarewa ke aiki: itacen da ke cikin laka yawanci bai ƙone ba, duwatsunta sun goge sun yi mulmul, kuma takan kai nisan da malalar toka ba ta kaiwa.

Gawayin nan da aka ambata shi ne agogon mai bincike. Duk itace mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ake kira kabon-14, wanda ke fara raguwa daga ranar da itacen ya mutu, rabinsa na ƙarewa a duk shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya rage a cikin gawayi, an san lokacin da malalar toka ta kashe itacen ke nan. Gwajin yana aiki har zuwa wajen shekara 50,000. Bugu da ƙari, idan aka ga baƙar ƙasa mai saiwoyi a tsakanin shimfiɗu biyu, alama ce dutsen ya yi dogon hutu har daji ya tsiro kafin ya sake tashi.

Daga ƙarshe akan kai samfurin dutsen ɗakin gwaji a auna yawan sinadarin silika da ke cikinsa, domin shi ke nuna kaurin narkakken dutsen. Wanda silikarsa ba ta wuce rabi ba ruwa-ruwa yake kamar koko, iska na fita daga cikinsa ba wahala, sai ya riƙa malala sannu a hankali. Wanda silikarsa ta kai kashi 65 cikin ɗari kuwa kauri gare shi kamar talgen da ya kusa zama tuwo, yana riƙe iska har ta fi ƙarfinsa ta fashe. Dutsen Pinatubo irin na biyun yake amayarwa.

3.2 Abin da Aka Koya Kafin Pinatubo

Masanan da suka je Filifin a 1991 ba da ka suka yi aiki ba, abubuwa biyu da suka auku a shekarun 1980 ne suka tsara musu hanya. Na farko shi ne aman dutsen St. Helens a jihar Washington ta Amurka. Masana biyu na Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka, Dwight Crandell da Donal Mullineaux, sun yi shekaru suna bin kwarurukan dutsen suna karanta shimfiɗunsa, a 1978 suka buga rahoto cewa dutsen na iya yin amai, mai yiwuwa ma kafin ƙarshen ƙarnin. Shekara biyu kacal aka yi ya tashi. Sai dai a ranar 18 ga Mayu, 1980 ya yi abin da rahoton bai hango girmansa ba: gefensa na arewa, wanda ya yi makonni yana kumbura, ya zaftare gaba ɗaya, fashewar ta fita ta gefe maimakon sama, ta baje daji mai faɗin murabba'in kilomita 600. Mutum 57 suka mutu, cikinsu har da masani David Johnston da ke gadin na'urori a nisan kilomita 10. Wannan ya nuna iyakar hanyar: tarkace yana faɗin abin da dutse ya taɓa yi ne, kuma wanda mai bincike ya iya ganewa. Daga baya wani matashin masani, Harry Glicken, ya zana taswirar tarkacen zaftarewar tudu bayan tudu, kuma da taimakon aikinsa aka gane cewa irin waɗannan 'yan tuddai da ke gindin duwatsu da yawa a duniya ragowar tsohuwar zaftarewa ce.

Na biyu ya fi muni. Dutsen Nevado del Ruiz na ƙasar Kolombiya yana da ƙanƙara a kansa, garin Armero kuma yana nisan fiye da kilomita 70 daga gare shi, a inda kogin Lagunilla ke fitowa daga cikin tsaunuka. An gina garin ne a kan busasshiyar lakar ambaliyar 1845, wadda ta kashe mutum wajen dubu. A watan Oktoba na 1985 masana suka fitar da taswira da ta nuna ƙarara cewa Armero na kan hanyar laka. A daren 13 ga Nuwamba dutsen ya yi amai, wanda ma ba babba ba ne, ya narkar da wani sashe na ƙanƙarar, bayan kamar awa biyu da rabi laka ta iso garin mutane na cikin gidajensu. Fiye da mutum 23,000 suka halaka a Armero da kewaye. Taswirar ta yi daidai, lokacin gudu ma akwai shi, amma saƙon bai zama umarnin tashi ba. A sanadiyyar wannan ne a 1986 Amurka ta kafa wani rukunin masana na ko-ta-kwana, da na'urorin da ake ɗauka a jirgi, don kai ɗauki duk ƙasar da ta nema. Su ne suka je Pinatubo.

3.3 Makonni Goma a Gindin Pinatubo

Pinatubo yana tsibirin Luzon, kimanin kilomita 90 arewa maso yamma da birnin Manila. Kafin 1991 tsawonsa mita 1,745 ne, daji ya rufe shi, bai ma yi siffar dutse mai aman wuta sosai ba, kuma babu labarin amansa a rubuce tun zuwan Sifaniyawa ƙasar a ƙarni na 16. 'Yan ƙabilar Aeta ne ke zaune a jikinsa suna noma da farauta. A gabashinsa, nisan wajen kilomita 25, akwai sansanin sojan saman Amurka na Clark da birnin Angeles.

A ranar 2 ga Afrilu, 1991 tururi ya fashe ta wata tsaga mai tsawon kilomita ɗaya da rabi a arewacin ƙololuwar dutsen. Wata 'yar mishan da ke aiki a cikin Aeta ce ta kai labari ga Cibiyar Nazarin Aman Wuta da Girgizar Ƙasa ta Filifin, wadda Raymundo Punongbayan ke shugabanta. Cibiyar ta kafa na'urorin auna girgizar ƙasa cikin 'yan kwanaki, suka nuna ƙananan girgiza da yawa a kowace rana. A ranar 23 ga Afrilu masanan Amurka suka iso ƙarƙashin jagorancin Chris Newhall, aka haɗa ƙarfi aka buɗe wurin sa ido a cikin sansanin Clark.

Matsalar da ta fuskance su ita ce ba su san halin dutsen ba. Dutsen da aka daɗe ana aunawa, an san yadda girgizarsa take a lokacin lafiya, don haka idan ta sauya sai a gane. Pinatubo kuwa ba shi da irin wannan tarihi. Ɗan abin da ake da shi ya fito ne daga binciken da kamfanin man fetur na ƙasar ya yi a shekarun 1980, lokacin da yake neman tururin ƙarƙashin ƙasa don samar da lantarki. Saboda haka yayin da wasu ke kafa na'urori, wasu suka bazu cikin kwaruruka da mota da jirgi mai saukar ungulu, suna duba gaɓar koguna suna tsintar gawayi. Aikin da a ƙa'ida zai ci shekaru, a makonni aka yi shi.

Abin da suka gano ya tayar musu da hankali. Shimfiɗaɗɗun filayen da ke kewaye da dutsen, waɗanda ake noma a kai, duk tarkacen malalar toka mai zafi ne, kuma ya kai har inda aka gina gidajen sansanin Clark. Gwajin gawayi ya nuna manyan amai a wajen shekara 500 da 3,000 da 5,500 da suka wuce. Ma'anar wannan ita ce dutsen ba ya yawan tashi, amma duk lokacin da ya tashi babba yake yi. Babu wata na'urar girgiza da za ta iya ba da wannan labari. A ranar 23 ga Mayu aka miƙa wa hukuma taswirar haɗari, wadda ta nuna kwarurukan da malalar toka za ta bi idan dutsen ya maimaita halinsa.

Sanin lokaci kuwa aikin na'ura ne. An riƙa zagaya hayaƙin dutsen da jirgi ana auna iskar farar wuta da ke fita. A ranar 13 ga Mayu tan 500 ce a rana, zuwa 28 ga Mayu ta kai tan 5,000, alamar sabon narkakken dutse na tasowa. Sai kuma ta faɗi warwas zuwa tan 260 a ranar 5 ga Yuni. Wanda bai sani ba zai ce dutsen ya lafa, amma masanan sun fassara shi da cewa hanyar iskar ce ta toshe, matsi na taruwa a ciki. A daidai lokacin cibiyar girgizar ta matso ƙarƙashin ƙololuwar dutsen, kuma a ranar 7 ga Yuni wata tulluwar narkakken dutse ta ɓullo. An riga an tsara matakan gargaɗi guda biyar tun tsakiyar Mayu, inda mataki na uku ke nufin amai na iya aukuwa cikin mako biyu, na huɗu kuma cikin awa 24. An hau na uku a ranar 5 ga Yuni, na huɗu a ranar 7, na biyar a ranar 9.

Darasin Armero bai ɓace musu ba. Gwamna ko kwamandan soja da bai taɓa ganin malalar toka ba, launin da aka shafa a taswira ba zai sa ya tashi jama'a daga gidajensu ba. Don haka suka riƙa yawo da wani faifan bidiyo da Maurice Krafft, masani ɗan Faransa, ya haɗa, mai nuna yadda malalar toka da ambaliyar laka ke cin gari. Abin tausayi, a ranar 3 ga Yuni, ana tsakiyar nuna wannan faifai a Filifin, malalar toka ta kashe Maurice da matarsa Katia a dutsen Unzen na Japan, tare da Harry Glicken da aka ambata a baya. Mutum 43 ne suka mutu a wurin, da yawansu 'yan jarida. A ranar 10 ga Yuni aka kwashe mutum kusan 15,000 daga Clark, aka kuma riƙa faɗaɗa da'irar da aka hana zama daga kilomita 10 zuwa 20, zuwa 30, a ƙarshe 40. Kafin babban aman, mutum wajen 60,000 sun bar yankin.

3.4 Aman 15 ga Yuni da Abin da Ya Biyo Baya

Babban amai na farko ya auku a safiyar 12 ga Yuni, ranar bikin 'yancin kan ƙasar, toka ta tashi kilomita 19 sama. Aka yi kwana uku ana fashe-fashe, sa'an nan a ranar 15 ga Yuni dutsen ya yi wanda ya fi duka, na tsawon kamar awa tara. Toka ta kai tsayin kilomita 35, rana ta koma dare. Ƙololuwar dutsen ta rufta ta bar makeken rami mai faɗin kilomita biyu da rabi, tsawon dutsen ya ragu zuwa mita 1,485. Malalar toka ta kai nisan kilomita 16, ta cika wasu kwaruruka da tarkace mai kaurin mita 200. Su kansu masanan sai da suka gudu daga Clark a yammacin ranar. Iskar farar wuta da ta shiga sararin samaniya, tan miliyan 15 zuwa 20, ta rage zafin duniya da kamar rabin digiri a 1992. A ƙarni na 20, aman Novarupta na Alaska a 1912 ne kawai ya fi shi girma.

Da aka koma aka gwada sabon tarkace da taswirar 23 ga Mayu, sai aka ga malalar tokar ta bi kusan kwarurukan da aka zana, ta kuma tsaya kusa da iyakokin da aka shata. Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa an ceci aƙalla mutum 5,000 da dukiya ta dala miliyan 250, alhali aikin sa idon bai ci dala miliyan ɗaya da rabi ba.

Duk da haka an yi asarar rayuka, kuma ta inda ba a fi zato ba. A daidai ranar babban aman wata mahaukaciyar guguwar teku mai suna Yunya ta ratsa ta arewacin dutsen da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Iskarta ta watsa tokar ta ko'ina, ruwan kuma ya jiƙa ta. Jiƙaƙƙiyar toka mai kaurin santimita 10 tana iya kai nauyin kilo 100 zuwa 200 a kan kowace murabba'in mita, wato buhun siminti biyu zuwa huɗu. Mutum wajen 300 suka mutu, yawancinsu rufi ne ya rufta musu, wasu a manyan gine-ginen da suka fake a ciki. Wasu ɗaruruwa kuma, musamman 'ya'yan Aeta, ƙyanda da gudawa ne suka kashe su a sansanonin gudun hijira. Adadin mamata duka ya haura 800. Tarkacen shekara 500 ba shi da hanyar da zai sanar da cewa guguwa za ta zo rana ɗaya da amai.

Aikin gani-da-ido bai ƙare da lafawar dutsen ba, ƙaruwa ma ya yi. Tarkacen da ya cika kwaruruka sako-sako ne, kowace damina sai ruwa ya kwaso shi ya zama laka. Cikinsa kuma ya riƙe zafi, har a 1996 ana auna digiri 500 a wasu wurare, idan ruwa ya ratsa shi sai ya fashe kamar sabon amai. Masana suka koma auna zurfin koguna bayan kowane ruwa, aka kafa ma'aunin ruwan sama da na'urorin jin rugugin laka, aka ajiye masu gadi da rediyo a saman koguna. Taswira ta zama abin sabuntawa kowace shekara, domin kogi yakan cika hanyarsa ya fasa sabuwa. Garin Bacolor ya sha wannan ambaliya sau da dama, mafi muni a watan Oktoba na 1995, har laka ta binne tsohuwar majami'ar garin zuwa rabin tsawonta. A 2001 kuma sai da aka haƙa magudana a gefen tafkin da ya taru a bakin dutsen, don kada ya ɓalle wa garuruwan yamma.

3.5 Tafkin Nyos da Kogin Katsina-Ala

Wannan matsala ta ƙarshe, wato tafki a bakin dutse wanda sakon tarkace ne kaɗai ke tare da shi, tana nan a maƙwabtan Nijeriya. Akwai jerin duwatsu masu aman wuta mai tsawon kimanin kilomita 1,600 da ya taso daga tsibiran Tekun Gini, ya bi ta Dutsen Kamaru, wanda ya yi amai a 1982 da 1999 da 2000, ya rabu reshe ɗaya zuwa tsaunukan Adamawa, ɗaya zuwa tudun Biu a jihar Barno. Tafkin Nyos na arewa maso yammacin Kamaru yana kan wannan jeri. Rami ne da fashewar dutse ta haƙa, zurfinsa ya haura mita 200.

A daren 21 ga Agusta, 1986 iskar kabon mai yawan gaske ta fito daga tafkin. Da yake ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta bi kwari ta kwanta a kan ƙauyukan Nyos da Cha da Subum, ta kashe mutum 1,746 da dabbobi wajen 3,500, da yawansu shanun Fulani makiyaya. Masana suka rabu biyu: wasu suka ce amai ne ya auku a ƙarƙashin ruwa, wasu suka ce iska ce da ta daɗe tana taruwa a ruwan ƙasan tafkin ta kuɓuce. Waɗanda suka shiga kwalekwale suka zura kwalabe suka ɗebo ruwa daga zurfi daban-daban ne suka kawo hujjar da ta fi ƙarfi. Ruwan ƙasa bai yi zafi ba, lakar gindin tafkin ba ta birkice ba, kuma ruwan cike yake da narkakkiyar iskar kabon kamar lemon kwalba da ba a buɗe ba. Bisa ga wannan fahimta aka kafa bututun fitar da iskar a 2001, aka ƙara biyu a 2011.

Abin da ya shafi Nijeriya kai tsaye shi ne bangon arewacin tafkin. Madatsa ce ta halitta, ta tarkacen amai, mai riƙe da ruwan sama-sama na tafkin har zurfin mita 40, kuma ruwa na cin ta. Idan ta karye, ambaliyar za ta bi kwari ta faɗa kogin Katsina-Ala, ta shiga jihohin Taraba da Binuwai. Tambayar ita ce, da wane sauri take zaizayewa? Amsar kuwa ta dogara ga shekarunta. Lockwood da Rubin sun gwada gawayin da suka samo a gindin tarkacen, a 1989 suka ba da shekara kusan 400. In haka ne, zaizayar da ake gani ta auku cikin ɗan lokaci, madatsar na dab da karyewa ke nan. Wasu masanan da suka yi amfani da hanyoyin gwaji dabam sun sami dubban shekaru, wanda ke nufin tana ci sannu a hankali. Hukumomi ba su jira a gama gardamar ba: a ɓangaren Kamaru an ƙarfafa madatsar da siminti, a ɓangaren Nijeriya kuma an gina madatsar ruwa ta Kashimbila a jihar Taraba, a kan kogin Katsina-Ala, don ta tare ambaliyar idan ta taso.